"Addinin Bature ne"? Kafin ka sake rubuta haka a komen, tsaya ka ji tarihin

Kana cikin zagaye a Facebook ko TikTok, sai ka ci karo da rigimar addini a ƙarƙashin fostin da ba ruwansa da addini. Bidiyon girki ne ko na ƙwallo, amma kafin a kai komen na hamsin an rabu gida biyu. Wani ya rubuta, "Ku da Bature ya kawo muku addini a jirgin ruwa." Wani ya mayar masa, "Ku kuma Balarabe ya kawo muku a kan raƙumi." Daga nan sai zagi, sai tsinuwa, sai a yi blokin ɗin juna. Kowa ya ƙona data, babu wanda ya ƙaru da komai.

Yau mu ɗauki ɗaya daga cikin maganganun nan biyu mu auna ta a sikeli. Shin Kiristanci addinin Bature ne? Ko kai Musulmi ne, ko ke Kirista ce, amsar ta shafe ku duka. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar, domin ta hannun Turawan mishan addinin ya iso ƙasar Hausa. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya tsallake shekara kusan 1,500 na tarihi, kuma Afirka tana tsakiyar wannan tarihin tun daga farkonsa.

Daga Falasɗinu aka faro

Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ya rayu a Falasɗinu lokacin da take ƙarƙashin mulkin Rumawa. Kiristoci sun yi imani an gicciye shi ya kuma tashi daga matattu, Musulmi ba su yarda an gicciye shi ba. Wannan fagen aƙida ne, kowa da nasa. Abin da tarihi ya nuna shi ne, mabiyansa na farko Yahudawa ne masu magana da harshen Aramiya, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci. A birnin Antakiya, wanda yanzu yake kudancin Turkiyya, aka fara kiran su Kiristoci.

Daga nan addinin ya bi hanyoyin fatauci ta ko'ina. Ya yi yamma zuwa Girka da Rum, ya yi gabas zuwa Iraƙi da Farisa, har a shekarar 635 wani mai wa'azi da ake kira Alopen ya isa babban birnin Sin. Ya kuma yi kudu zuwa Masar. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suna danganta kafuwar cocinsu ga Markus, marubucin ɗaya daga cikin Linjila huɗu, wanda suka ce ya zo Iskandariyya tun a ƙarni na farko. A lokacin nan mutanen ƙasar da yau ake kira Ingila gumakansu suke bauta wa.

'Yar shekara 22 a kurkukun Kartaj

A shekara ɗari uku na farko, zama Kirista a daular Rum sayen wahala ne. Hukuma na so kowa ya yi hadaya ga gumakan daula don nuna biyayya ga sarki, Kiristoci kuma suka ce ba za su yi ba. Wani lokacin a ƙyale su, wani lokacin a kama su.

A shekarar 203, a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, aka kama wata matashiya mai suna Perpetua. Shekarunta kusan 22, 'yar gidan masu hali, tana shayar da jariri. Tare da ita akwai wata baiwa, Felicitas, mai tsohon ciki, wadda ta haihu a tsare. Mahaifin Perpetua ya yi ta roƙonta ta yi hadayar nan ta tsira, ta ƙi. Aka kai su filin wasa aka sakar musu dabbobi a gaban 'yan kallo, sannan aka ƙarasa su da takobi. Kafin ranar, Perpetua ta rubuta abin da ya same ta a kurkuku, kuma rubutun yana nan har yau, ana lissafa shi cikin mafi tsufan rubuce-rubucen da wata mace Kirista ta bari. Ka ga sa'arka ce, ko ma ƙanwarka.

A Masar ma haka. Tsanantawar da Sarki Diocletian ya fara a 303 ta yi muni har Kibɗawa suka mayar da shekarar hawansa mulki, 284, mafarin kalandarsu. Suna kiranta kalandar shahidai, kuma da ita cocinsu ke lissafi har gobe.

Da sarki ya shigo, lissafi ya canza

A 313 Sarki Konstantin ya halatta Kiristanci, a 380 kuma Sarki Theodosius ya mayar da shi addinin daula. Waɗanda ake farauta jiya suka zama 'yan fada. Da zaman lafiya ya samu, sai muhawarar cikin gida ta taso, kuma a Afirka ta fi zafi.

Wani limamin coci a Iskandariyya mai suna Arius ya ce Almasihu halitta ne, bai kai matsayin Uba ba. Wasu malaman birnin, ciki har da wani matashi mai suna Athanasius, suka ce sam. Rigima ta girma har Konstantin ya tara bishop-bishop a garin Nikiya, a Turkiyya ta yau, a shekarar 325. Taron ya yi watsi da ra'ayin Arius, ya fitar da bayanin aƙidar da mafi yawan coci-coci ke karantawa har yanzu. Athanasius ɗin nan, bayan ya zama bishop na Iskandariyya, shi ne ya rubuta wasiƙa a 367 wadda ta jero littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a yau.

Zaman zuhudu ma, wato mutum ya bar duniya ya keɓe don ibada, a hamadar Masar ya yi ƙarfi, ta hannun Antoni da Pakomiyus. Turawa daga baya suka ɗauka suka gina gidajen zuhudun da suka riƙe karatu da rubutu a nahiyarsu tsawon ƙarnoni.

Sai babban cikinsu, Agustin. An haife shi a 354 a garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop a Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya rasu a can a 430. Malaman Katolika da na Furotesta duka suna komawa ga littattafansa. Martin Luther kansa ɗan ƙungiyar zuhudu ne mai ɗauke da sunan Agustin. Kuma a jerin Fafaroma akwai uku da tarihi ya danganta da Afirka ta Arewa: Victor na ɗaya, da Miltiades, da Gelasius na ɗaya.

Habasha ta riga Ingila

Wataƙila ka ce ai Masar da Tunisiya suna ƙarƙashin Rumawa ne a lokacin. To, mu gangara kudu, inda Rum ba ta taɓa mulka ba.

Daular Aksum, a arewacin Habasha da Eritiriya na yau, babbar ƙasar kasuwanci ce mai buga kuɗinta na zinariya. Wani yaro ɗan birnin Taya, a Lebanon ta yau, mai suna Frumentius, ya faɗa hannun mutanen ƙasar bayan an tare jirginsu a Bahar Maliya. Aka kai shi fada, ya girma a can har ya zama mai koyar da yarima. A wajajen 330 zuwa 340, wannan yariman, wanda ya zama Sarki Ezana, ya karɓi Kiristanci. Shaidar tana jikin kuɗinsa: na farkon mulkinsa suna ɗauke da jinjirin wata da faifan rana na tsohon addini, na baya kuma gicciye. Athanasius na Iskandariyya ne ya naɗa Frumentius bishop, kuma daga nan Masar ce ke aika wa Habasha shugaban coci har zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

Yanzu kwatanta da Turai. Sarkin Faransawa Clovis ya yi baftisma a wajajen shekarar 500. Tawagar da Fafaroma ya aika wa Ingilishi ta sauka a 597, sama da shekara 250 bayan Ezana. Sarkin Foland ya karɓa a 966, Vladimir na Kiev a 988. Lituweniya ba ta shiga ba sai 1387, a daidai ƙarnin da Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji.

Ga wani abin da zai ba ka dariya. A wajajen 670 wani malami haifaffen Afirka ta Arewa, Hadrian, ya isa Canterbury a Ingila. An yi masa tayin zama babban bishop ya ƙi, ya zaɓi koyarwa. Shekara kusan arba'in yana koya wa 'ya'yan Ingilishi Latin da Girkanci da Littafi Mai Tsarki. Wato akwai lokacin da ɗan Afirka ne malamin mishan ɗin Bature.

Sarkin da ya ƙi miƙa baƙinsa

Idan ka yi Islamiyya, wannan ɓangaren ka san shi. A wajajen 615, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, Annabi Muhammad (SAW) ya umarci wasu sahabbansa su yi hijira zuwa Habasha, domin akwai sarki a can da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Wannan Habashar ita ce Aksum ta Ezana, kuma Najashi Kirista ne a lokacin da ya karɓe su, magajin gadon da ya kusa shekara 300 a Kiristanci.

Ƙuraishawa suka aika jakadu da kyaututtuka a maido musu da mutanen. Najashi ya ce sai ya ji ta bakin baƙinsa. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi bayani, ya karanta daga Suratu Maryam, sarki ya ƙi miƙa su. Da ya rasu, Annabi ya yi masa sallar ga'ib a Madina. Ɗaya daga cikin jakadun nan da suka koma hannu rabbana shi ne Amru ɗan Asi, wanda daga baya ya musulunta, ya kuma jagoranci rundunar da ta ci Masar tsakanin 639 da 642.

Nuba: yarjejeniyar da ta yi shekara 600

Tsakanin Masar da Habasha, a bakin kogin Nilu, akwai ƙasar Nuba, a Sudan ta yau. Masarautu uku ne: Nobadiya mai hedikwata a Faras, Makuriya mai hedikwata a Dongola, da Alwa mai hedikwata a Soba, wadda kufanta ke gefen Khartoum. A ƙarni na 6 duka ukun suka karɓi Kiristanci, daga wajajen 543 zuwa 580.

Bayan cin Masar, rundunar Musulmi ta nufo kudu. A 652, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh, ta kewaye Dongola. Maharban Nuba sun ƙware da baka har marubutan Larabawa suka yi musu laƙabi da masu harbin ƙwayar ido. Ba a ci birnin ba. Sai ɓangarorin biyu suka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Baƙt. Babu mai kai wa wani hari. Fatake na iya shiga ƙasar juna su yi ciniki, amma ban da zama. Nubawa za su kula da masallacin da ke Dongola. Masar za ta riƙa aika hatsi da tufafi.

Kada mu shafa wa tarihi hoda: a cikin sharuɗɗan akwai bayi 360 da Nuba za ta riƙa miƙawa duk shekara. Zaman lafiyar manya, talakawan da aka kamo ne suka biya kuɗinsa. Amma yarjejeniyar ta riƙe kusan shekara 600, ta ga bayan Umayyawa, ta ratsa zamanin Abbasiyawa da Faɗimiyawa. Da bashi ya taru a kan Nuba, ba a ɗauki makami ba. A wajajen 836 yariman Makuriya, Georgios, ya yi tattaki har fadar Halifa Mu'utasim a Iraƙi, aka karɓe shi da girmamawa, aka yafe bashin, aka sassauta biyan.

A cikin wannan zaman lafiya Nubawa suka gina coci-coci, suka rubuta harshensu da haruffan da suka aro daga Girkanci da Kibɗanci. Tsakanin 1961 da 1964, ana gab da cika madatsar ruwan Aswan, masu tonon tarihi daga Foland suka tono babban cocin Faras daga cikin yashi. Suka tarar da zane-zane sama da ɗari a bango, ciki har da hotunan bishop-bishop baƙaƙen fata cikin kayan alfarma. Aka ɓamɓaro su aka raba tsakanin gidan tarihi na Warsaw da na Khartoum, ruwa ya shanye wurin. Abin takaici, gidan tarihin na Khartoum yana cikin wuraren da aka wawushe a yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023.

Kiristocin ma ba kansu ɗaya ba

Masu rigimar komen suna magana kamar Kiristoci duk tafiyarsu ɗaya. A 451 wani taro a Chalcedon ya raba su kan yadda za a bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu. Kibɗawa da Habashawa da Armeniyawa da wasu Siriyawa suka ƙi amincewa da matsayar taron, suka kama gabansu. A 1054 kuma Rum da Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, suka raba gari, aka samu Katolika a yamma, Otodoks a gabas.

Wannan zai taimaka maka ka fahimci yaƙe-yaƙen Salibiyya. A 1095 Fafaroma Urban na biyu ya yi kira ga mayaƙan Turai ta Yamma, a 1099 suka ci Ƙudus suka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan gilla. Salahuddin ya ƙwato birnin a 1187. Amma a 1204 mayaƙan Salibiyya suka afka wa Kustantiniyya, birnin Kiristoci mafi girma a lokacin, suka washe cocinta. Kiristocin gabas sun daɗe ba su manta wannan ba.

Ta ɓangaren Musulmi ma akwai fari akwai baƙi. A Bagadaza, likita Kirista Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, yana cikin manyan waɗanda suka fassara littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci. A ɗaya gefen, Halifa Hakim na Masar ya tsananta wa Kiristoci, ya sa aka rushe babban cocin Ƙudus a 1009. Kuma a 1219, ana tsakiyar yaƙi a Dimyaɗ ta Masar, Francis na Assisi ya tsallaka sansanin Sarki Kamil ba makami, aka saurare shi, aka mayar da shi lafiya.

A daidai wannan zamanin Habasha na nata aikin. Wajen ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, zamanin Sarki Lalibela, aka sassaƙa coci-cocin garin da ke ɗauke da sunansa. Guda 11 ne, kuma ba tubali aka jera ba, dutse aka fafe daga sama zuwa ƙasa, har da ƙofofi da tagogi da ginshiƙai. Nemi hoton Bete Giyorgis a wayarka, gani ya kori ji. Har yau ana ibada a ciki.

Me ya sa wasu suka ɓace, wasu suka tsaya?

Cocin su Agustin a Tunisiya da Aljeriya ya yi ta raguwa har ya ƙare. Masana na kawo dalilai: rigimar cikin gida da ta raba shi biyu tun ƙarni na 4, mamayar Bandalawa a ƙarni na 5, da kuma cewa da Latin, harshen birni, yake ibada, bai fassara littafinsa zuwa harshen Barbarawan karkara ba. Nuba ta daɗe, amma daga 1276 sarakunan Mamluk na Masar suka fara sa hannu a rikicin gadon sarautarta, ƙabilun Larabawa suka yi ta shigowa ana auratayya. A 1317 aka mayar da zauren sarautar Dongola masallaci, Soba kuma ta faɗi a wajajen 1500. Cocin Nuba ya dogara da fada, da fada ta rushe sai ya bi ta.

Masar da Habasha kuwa sun riƙe nasu. Suna da littafi da addu'a cikin harshensu, Kibɗanci da Gi'iz, suna da gidajen zuhudu da ke yaye malamai ko da sarki ya canza. Shi ya sa har yau akwai miliyoyin Kibɗawa a Masar, Otodoks kuma su ne rukunin addini mafi yawa a Habasha.

To, mu fa?

Nan ne ɗan ƙamshin gaskiyar nan yake. Hanyoyin Sahara da suka haɗa ƙasar Hausa da Borno da duniya suna hannun fatake da malamai Musulmi, don haka Musulunci ne ya iso ta arewa. Kiristanci ya zagayo ta teku. Turawan Fotugal sun taɓa Benin da Warri tun ƙarni na 15 da na 16. Mishan na zamani ya sauka Badagry a 1842. Ko a nan ma ba Turawa kaɗai suka yi aikin ba: Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga jirgin bayi, ya zama bishop a 1864. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya a farkon ƙarni na 20, daga nan aka samu Wusasa, kuma a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Saboda haka idan ka ce Bature ne ya kawo shi nan, ba ka yi ƙarya ba. Idan ka ce nasa ne, tarihi zai ƙaryata ka. Shi ma Baturen kawo masa aka yi, kuma wasu daga cikin malamansa 'yan nahiyar nan ne. Haka Musulunci: daga Makka ya fito, amma ƙasar farko da ta ba Musulmi mafaka a Afirka take. Addinan nan biyu maƙwabtan juna suka taso, kuma duka sun taka ƙasar Afirka tun zamanin mabiyansu na farko.

Wannan ba zai sa Musulmi ya bar aƙidarsa ba, ba zai sa Kirista ya bar tasa ba, kuma ba a nemi haka ba. Amma a garuruwa irin Kaduna da Jos mun san abin da kalmar "baƙo" ke iya jawowa idan ta bar waya ta hau titi. Duk wanda ka kira addininsa baƙo, kana gaya masa a fakaice cewa shi ma baƙo ne a garin da aka binne kakanninsa.

Ranar da rigimar ta sake tashi a komen, kana da abin da ya fi zagi. Tambayi mai maganar ko ya san Ezana. Tura masa hoton Lalibela, ko ka ba shi labarin Dongola, inda Kirista ya yi alƙawarin kula da masallaci, Musulmi ya aiko da hatsi, aka yi shekara 600 ana gaisawa a kan iyaka. Idan ya ce ƙarya kake yi, ka ce ya bincika, ai yana da data.